Cigiyar Leichhardt da Gidauniyar Matan Melbourne

A shekarar 1864 wani makiyayin tumaki ɗan asalin Sukotlan, Duncan McIntyre, yana ratsa dajin arewacin Queensland a ƙasar Ostareliya yana duba inda zai sauke garkensa, sai ya ci karo da bishiyoyi biyu a gaɓar kogin Flinders. A jikin kowacce an sassaƙa harafi guda, L. Sassaƙar ta kwana biyu, har ɓawon itacen ya fara cin gefenta yadda tsohon tabo ke haɗewa a jikin mutum. A tafiyar nan kuma ya tsinci dawaki biyu, tsofaffi tukuf, a yankin da ba a san wani Bature yana kiwo ba. Da ya dawo kudu ya ba da labari, sai sunan da aka fara mantawa ya dawo bakin jama'a: Ludwig Leichhardt, Bajamushen da ya shiga dajin nan shi da mutum shida a 1848, aka neme su sama ko ƙasa aka rasa.

Waɗanda suka ɗauki nauyin sabuwar cigiyar su ne suka ja hankalina. Matan birnin Melbourne ne suka kafa kwamiti a 1865, suka buɗe gidauniya, suka tara kuɗi, suka tashi ayarin raƙuma da dawaki don a je a nemo mutumin da ya yi ɓatan dabo shekara 17 da suka wuce. Yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba. Ba ɗan garinsu ba ne, ba ma ɗan ƙasarsu ba. To me ya kai su? Kuma me ya sa maza, waɗanda a lokacin mulki da dukiya da jaridu duk suna hannunsu, suka ja gefe suka bar mata a gaba?

Sai an fara sanin wane ne Leichhardt. An haife shi a 1813 a ƙasar Farusiya, ya yi karatun ilimin halittu a jami'o'in Jamus, ya sauka Sydney a 1842. A lokacin yawancin Turawa suna zaune ne kusa da bakin teku. Tsakiyar nahiyar, a taswirarsu, farar takarda ce, ko da yake al'ummomin 'yan asalin ƙasar sun shafe dubban shekaru suna rayuwa a cikinta, sun san kowace rijiya da kowane tafki. A watan Oktoban 1844 Leichhardt ya tashi daga Darling Downs ya nufi Port Essington da ke can ƙuryar arewa, tafiyar kusan kilomita 4,800. Wata 14 ya yi a hanya. Mutanen Sydney har sun fid da rai, an yi ta rubuta masa waƙoƙin ta'aziyya, sai ga shi ya sauka daga jirgin ruwa a watan Maris na 1846 da ransa da lafiyarsa. Wannan dawowar ta zauna a zukatan mutane. Wanda ya taɓa tashi bayan an yi masa zaman makoki, da wuya a yarda ya mutu a karo na biyu.

Burinsa na gaba ya fi na farko girma: ya keta nahiyar daga gabas zuwa yamma har kogin Swan, inda birnin Perth yake. Yunƙurin 1846 ya watse saboda zazzaɓi da ruwan sama da ɓatan dabbobi. Ya sake shiri. Wasiƙarsa ta ƙarshe ya rubuta ta ne a farkon Afrilun 1848 daga wata gonar kiwo a Cogoon, kusa da inda garin Roma na Queensland yake a yau. Tare da shi akwai Turawa huɗu da 'yan asalin ƙasa biyu, Wommai da Billy Bombat, da dawaki 7, alfadarai 20, da shanu 50. Ya ce tafiyar za ta ci shekara biyu zuwa uku, saboda haka da aka ji shiru ba wanda ya damu da wuri. Sai a 1852 gwamnati ta tura Hovenden Hely, a 1858 kuma Augustus Gregory, wanda ya ga wata bishiya mai harafin L a kogin Barcoo kafin fari ya kore shi. Daga nan shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Yanzu ga dalilin da maza suka noƙe a 1865. Shekara biyar kafin nan Melbourne ta yi wata gagarumar kasada ta ƙone hannu. Zinaren da aka gano a 1851 ya mai da Victoria, inda Melbourne take, yankin da ya fi kowanne arziki a Ostareliya, manyan garin kuma suna son suna. Ƙungiyar masanansu, Royal Society of Victoria, ta shirya ayarin Burke da Wills don keta nahiyar daga kudu zuwa arewa, wanda ya tashi ranar 20 ga Agustan 1860 da raƙuman da aka yo odarsu daga Indiya, dubban mutane suna kallo suna tafi. Ba a cika shekara ba Burke da Wills suka mutu da yunwa a rafin Cooper. Rayuka bakwai suka salwanta, kuɗin da aka kashe, idan an haɗa da na ayarorin ceto, ya haura fam 50,000, kwamitin bincike kuma ya wanke wa masu shirya tafiyar kai da ruwan zafi. An yi jana'izar ƙasa a Janairun 1863, an kafa mutum-mutumi a 1865, amma duk wannan ado bai rufe kunyar ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Duk namijin da ya miƙe a majalisa ya ce a sake fitar da kuɗin jama'a don shiga daji, kafin ya zauna za a jefe shi da sunan Burke.

Akwai mutum guda da bai haƙura ba, Ferdinand Mueller, masanin tsirrai na gwamnatin Victoria kuma shugaban lambun tsirrai na Melbourne. Shi ma Bajamushe ne, haifaffen Rostock, ya kuma san dajin arewa da ƙafarsa domin ya raka Gregory a tafiyar 1855 zuwa 1856. Yana cikin kwamitin da ya shirya tafiyar Burke, don haka ya san ƙofar nan ta rufe. A watan Fabrairun 1865 ya yi lacca a Melbourne kan makomar Leichhardt, ya ɗora hujjarsa a kan bishiyoyin McIntyre, sannan ya juya ga mata ya ce aikin nasu ne. Aka kafa kwamiti da wakilai daga ɗarikun addini daban-daban na birnin. Wannan tsari ba ƙaramar dabara ba ce a garin da 'yan Katolika da 'yan Furotesta ba su cika cin tuwo a kwano ɗaya ba. Kowace majami'a ta ga tata a ciki, kowace kuma tana da jama'arta da za a bi gida-gida.

A ganina abin da Mueller ya je nema wurin matan ya wuce kuɗi. Ya je aron mutunci ne. Binciken ƙasa a bakin maza ya zama zancen gasa tsakanin Victoria da Ostareliya ta Kudu, da zancen filin kiwo, da zancen wa zai ci suna. Da ya koma bakin mata sai ya sauya kama ya zama aikin jinƙai: akwai bayin Allah a daji, wataƙila suna raye, a taimaka. Ɗan majalisar da zai iya yi wa masani dariya ba zai iya yi wa matan manyan gari tsawa a bainar jama'a ba, balle ya ce a bar mutum ya mutu. Ga shi kuma akwai misali sabo fil a gaban kowa, wato Jane Franklin.

Labarinta sananne ne a duk inda ake jin Turanci a lokacin, a Ostareliya ma ya fi, tunda mijinta Sir John Franklin ya yi gwamnan Tasmaniya daga 1837 zuwa 1843 tana tare da shi. A 1845 ya tashi daga Ingila da jirage biyu, Erebus da Terror, da mutum 129, neman hanyar ruwa ta arewacin Kanada, ƙanƙara ta haɗiye su. Matar ta hana hukumar sojan ruwan Birtaniya sakat. Ta rubuta wa shugaban Amurka, ta zuba dukiyarta, ta roƙi ta jama'a, ta tashi jirage nata na kanta. Da hukuma ta soke sunayen mutanen daga rajista a 1854, ta ƙi karɓar fanshon gwauruwa, ta ƙi sa baƙaƙen kaya, ta koma sa masu launi don a san ba ta yarda ba. Ƙaramin jirgin da ta saya, Fox, ƙarƙashin Leopold McClintock, shi ne ya samo takardar da ta nuna mijinta ya rasu tun 11 ga Yunin 1847. Abin da jiragen gwamnati masu yawa suka kasa, naci na mace ɗaya ya cim masa a 1859, shekara ta gaba kuma ƙungiyar masana taswira ta Landan ta ba ta lambar zinare, mace ta farko da ta samu.

Leichhardt ba shi da irin wannan. Bai taɓa aure ba, danginsa suna can Jamus, ba mai zubar masa da hawaye a ƙofar gwamna. Kwamitin matan Melbourne gurbin matar da babu ya cike. A fiƙihunmu na Malikiyya akwai babi guda kan mafƙudi, mijin da ya ɓata ba a san rai ko mutuwa ba: matar ta kai ƙara, alƙali ya sa a yi bincike, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Abin lura a nan shi ne binciken yana farawa ne da ƙarar wadda ɓatan ya shafa. Inda babu mai ƙara, magana kwanciya take yi. Mueller ya gane haka, sai ya samar wa Leichhardt masu ƙara.

Su kuma matan, me ya ja su? Sai a dubi matsayinsu a doka. A dokar Ingila da Victoria ta gada, kuɗi da kayan mace suna komawa hannun miji da zarar an ɗaura aure. Gyaran farko a kan haka sai 1870. Bahaushiyar da ta saba riƙe sadakinta da gadonta da ribar sana'arta za ta ji abin banbarakwai, amma haka yake. Ƙuri'a ma akwai wani abin dariya da ya faru daidai wannan lokaci. Dokar zaɓen Victoria ta 1863 ta ba duk wanda sunansa ke cikin rajistar masu biyan harajin gari damar zaɓe, masu rubuta ta suka manta akwai mata masu gidaje a rajistar. A zaɓen 1864 wasu mata suka fito suka kaɗa ƙuri'a. A 1865, shekarar da ake roƙon mata su ceto Leichhardt, majalisa ta toshe wannan kafa. Matan Victoria ba su sake zaɓen majalisar yankinsu da izinin doka ba sai bayan dokar 1908.

Fili ɗaya aka bar musu a waje da gida, shi ne aikin agaji, kuma sun ƙware a kansa ƙwarai. Kwamitin mata ne ya kafa asibitin haihuwa na Melbourne a 1856 ƙarƙashin jagorancin Frances Perry, matar bishop ɗin garin, su ne kuma suke tafiyar da ƙungiyoyin taimakon gajiyayyu. Sun san yadda ake rubuta takardar roƙo, da yadda ake riƙe littafin shiga da fita, sun kuma san sirrin da duk mai haɗa gidauniya ya sani har gobe: a buga sunayen masu bayarwa da adadin abin da suka bayar a jarida, attajirin da ya ga sunan abokin hamayyarsa ba zai iya barci ba sai ya aiko da nasa. Sabon abu a 1865 shi ne inda suka kai wannan ƙwarewa. Marayu da masu jego aikin mata ne a idon zamanin. Taswira da raƙuma da zaɓen jagoran ayari kuwa na maza ne. Da sunan tausayi suka tsallaka katangar, suka yi wasiƙa da gwamnatoci, suka kai kukansu har Landan. Sarauniya Victoria da kanta ta ba da gudummawa, ƙungiyar masana taswira ta Landan ta bayar, wasu gwamnatocin yankunan Ostareliya da suka ƙi fara motsi su ma suka sa hannu a aljihu da suka ga tafiya ta miƙa.

Mai karatu zai ce, shekara 17 fa! Ai ko ƙashi ya zama ƙasa. Haka masu suka suka faɗa tun a lokacin, suka ƙara da cewa harafin L ɗin zai iya zama na William Landsborough, wanda ya bi kogin Flinders a 1862 yana neman Burke. McIntyre ya tsaya a kan cewa sassaƙar ta girmi shekara biyu nesa ba kusa ba. Wannan gardama har yau ba a kashe ta ba. Amma fatan samun mai rai ba hauka ba ne, idan aka dubi abin da mutanen suka gani da idonsu. William Buckley, fursunan da ya gudu a 1803, ya zauna cikin al'ummar Wathaurong shekara 32 kafin ya ɓullo a 1835, a nan kusa da Melbourne. John King, wanda shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda suka raka Burke har ƙuryar arewa, mutanen Yandruwandha ne suka ciyar da shi har aka same shi a 1861. Mafi kusa kuma, a Janairun 1863 wani matuƙin jirgi mai suna James Morrill ya fito wa wasu makiyaya a arewacin Queensland, rana ta ƙone shi har ba a gane Bature ne ba, Turancinsa ya kusa gudu. Jirginsu ya nutse tun 1846. Shekara 17 cif ya yi cikin 'yan asalin ƙasar. Duk matar da ta karanta labarin Morrill a jarida tana da dalilin cewa wataƙila.

Sai dai a lura da abin da waɗannan misalai uku suka haɗa. Duk Baturen da ya rayu a dajin, 'yan ƙasa ne suka raya shi. Fatan matan gaba ɗaya ya rataya ne a kan karamcin mutanen da ake ƙwace wa ƙasa a daidai wannan lokacin.

A watan Yulin 1865 ayari ya tashi daga Victoria. An ba McIntyre jagoranci, tunda shi ya ga bishiyoyin, aka haɗa shi da likita James Murray a matsayin mataimaki. Murray ya taɓa zuwa rafin Cooper da ayarin Alfred Howitt, wanda aka tura bin sawun Burke, don haka a takarda ba shi da makusa. Raƙuman kuwa ragowar na Burke ne. Shekarar ta zo da fari mai tsanani. A watan Nuwamba suka isa yankin Cooper suna sa ran ruwa, suka tarar da tafkin da suka dogara da shi ya ƙafe ƙaf. McIntyre ya bar jama'a a hannun likita ya wuce neman ruwa. Ashe an ba kura ajiyar nama. A cikin kayan magani akwai barasa, wadda aka tanada don marasa lafiya. Likita ya buɗe ta ya sha, ya raba wa mutanen da ƙishirwa ta riga ta galabaitar. Suka bugu. Dawakin da ƙishi ya haukata suka bazu cikin daji ba mai tare su, kusan dukkansu suka hallaka, kaya da guzuri suka watse a hanya. Raƙuma ne suka fitar da sauran. McIntyre ya sallami likitan da waɗanda ba ya bukata, ya tattara abin da ya rage ya ci gaba arewa.

Ya kai gaɓar tekun Carpentaria a 1866, lokacin da wani mugun zazzaɓi yake kwasar mutanen sabon garin Burketown. Shi ma ya kamu. Ya rasu a farkon Yunin 1866 a yankin kogin Gilliat, yana da shekara talatin da 'yan kai. Wanda ya gaje shi, Sloman, bai daɗe ba shi ma ya bi shi. A 1867 aka naɗe tabarmar neman, ba a ƙara ko harafi ɗaya a kan abin da aka sani game da Leichhardt ba.

Shi kuwa likita Murray bai tsaya nan ba. A 1871 shi ne mai jirgin Carl, wanda ya riƙa sace mutanen tsibiran tekun Fasifik don kai su aikin gonaki. Da kamammun suka yi bore a cikin ramin jirgi aka buɗe musu wuta, aka kashe kimanin 70, aka zuba har da masu rauni a teku. Murray ya tsira daga hukunci ta hanyar zama shaidar gwamnati a kan abokan ta'asarsa. Mutumin da aka biya da kuɗin jinƙai ke nan.

Da sauƙi a ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba a rufe littafi. Amma ga wa ba ta biya ba? McIntyre tun farko neman makiyaya ne ya kai shi Flinders, kuma ɗan'uwansa Donald ya kafa gonar kiwo ta Dalgonally a yankin da aka binne shi. Wannan ba sabon abu ba ne. Ayarorin da aka tura neman Burke sun buɗe wa makiyaya ƙasar da ta fi wadda Burke kansa ya gani; rahoton Landsborough na ciyawa mai kyau shi ne ya jawo rububin garkuna zuwa arewa. Wani daga cikin masu neman, Frederick Walker, shi ne tsohon kwamandan rundunar 'yan sandan da ake ɗauka daga 'yan asalin ƙasa a tura su murƙushe wasu ƙabilun, kuma ayarinsa na ceto ya harbe mutane a hanya. Duk ayarin da ya shiga daji da sunan cigiya yana dawowa da taswirar ruwa da ciyawa. Taswira ta fita, tumaki su biyo. Tumaki suka mamaye tafki, masu tafkin su yi tirjiya. Suka yi tirjiya, bindiga ta iso. Matan sun bi gida-gida sun tara, makiyaya sun samu hanya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mu ma nan an yi irin wannan a ƙofar gidanmu, kusan lokaci guda. Eduard Vogel, matashin Bajamushen da aka turo ya tarar da Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zauna Kukawa, ya je Bauchi da Zariya, sannan ya nufi Wadai aka kashe shi a 1856. Shekaru aka yi a Jamus ba a tabbatar ba. Aka buɗe gidauniyar jama'a, masanin taswira August Petermann yana kaɗa mata ganga, aka tura ayarin Theodor von Heuglin a 1861. Heuglin ya karkata ya shige Habasha, bai doshi Wadai ba. Moritz von Beurmann da ya biyo ta Sahara ya kai Kukawa, aka kashe shi a Mao ta ƙasar Kanem a 1863. Ba a ceto Vogel ba, amma taswirar Tafkin Chadi da ke teburin Turawa ta ƙara cika, kuma mun san abin da aka yi da ita kafin ƙarnin ya ƙare.

Akwai kuma batun wa ake saurara. Tun 1852 Hely ya ji daga bakin 'yan ƙasa cewa an kashe wasu Turawa a wani rafi can ciki, wasu masu neman kuma sun jiyo wasu labaran dabam a wasu wurare. Irin wannan bayani ana ɗaukarsa idan ya dace da abin da ake so, a watsar idan bai dace ba, ba a kuma zauna an koyi harsunan an bi diddigi a tsanake ba. Jane Franklin ma, duk da jarumtarta, tana da wannan tabo. Da John Rae ya dawo a 1854 da kayayyakin mutanen Franklin da shaidar Inuit, 'yan asalin arewacin Kanada, cewa yunwa ta kai wasunsu ga cin naman 'yan'uwansu, sai ta ja zugar masu ƙaryata shi, aka yi ta zagin Inuit a jaridu ana kiransu maƙaryata. Binciken ƙasusuwan da aka yi a ƙarshen ƙarni na 20 ya gaskata su, kuma a yankin da labarinsu ya nuna aka gano Erebus a 2014, aka gano Terror a 2016 bisa bayanin wani mafarauci ɗan Inuit. Tausayin da ke tara kuɗi yakan zo da hoton da yake so ya gani na wanda ya ɓata, kuma ba ya son a ɓata masa hoton.

Ban ga adalci a yi wa matan Melbourne dariya ba, kamar yadda ban ga dalilin mai da su waliyyai ba. Ɓangaren da aka bar musu sun yi shi yadda ya kamata: cikin 'yan watanni suka tara abin da ya tashi ayari, a garin da ya rantse ya daina. Ikonsu kuwa a bakin gari ya tsaya. Ba wadda za ta iya bin ayarin, ba wadda ta san hanyar, shawarar wa ya cancanta daga maza ta zo, labarin abin da ya faru a Cooper kuma sai bayan makonni ya iso su, lokacin da dawakin sun riga sun zama abincin tsuntsaye. Su ne da ɗaukar amanar kuɗin jama'a, wasu ne da kashewa. Duk wanda ya taɓa riƙe asusun ƙungiya ya miƙa wa ɗan kwangila ya san irin wannan zaman jiran. Abin da ba su tambaya ba, kuma kusan ba wanda ya tambaya a garinsu, shi ne me zuwan ayarin zai jawo wa mutanen da ake fatan sun riƙe Leichhardt da alheri. Wommai da Billy Bombat ma sun ɓata a tafiyar nan, su ma suna da dangi, amma gidauniyar sunan mutum ɗaya take ɗauke da shi.

Mueller bai daddara ba. Shi ya zuga aka tura John Forrest daga Perth a 1869, bayan an ji labarin wasu ƙasusuwa a daji. Aka gano zancen na dawakin wani ayari ne dabam da suka ci guba. A 1880 wata mujallar Sydney ta sa ladar fam 1,000 ga duk wanda ya kawo tabbataccen bayani. Mueller ya rasu a 1896 bai ji komai ba.

Wajen shekarar 1900, wani yaron kiwo ɗan asalin ƙasa da ke aiki da wani makiyayi kusa da rafin Sturt, a iyakar Ostareliya ta Yamma da yankin Arewa, ya ga wata bindiga da wuta ta ci rabinta a maƙale jikin bishiya. A jikin bishiyar akwai harafin L. A jikin bindigar kuma akwai ɗan sirin farantin tagulla, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, an buga masa LUDWIG LEICHHARDT 1848. Farantin ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu fiye da shekara ɗari, har gidan tarihin ƙasa da ke Canberra ya saye shi a 2006, bayan gwaji ya nuna tagullar ta zamanin ce kuma akwai burbushin albarushi a jikinta. Mai yiwuwa ne bindigar ta isa can ta hanyar musayar kaya tsakanin ƙabilu. Idan kuwa mai ita ne ya kai ta, to ya ci kusan kashi biyu cikin uku na hanyarsa, ya wuce inda ayarin matan ya je nemansa da fiye da kilomita dubu. Bishiyar da aka sami bindigar a jikinta 'yar'uwar kukarmu ce, mai ƙaton ciki da gajerun rassa, irin da ke tsirowa a arewa maso yammacin Ostareliya kaɗai. Sunan da masana tsirrai ke kiranta da shi har yau, Mueller ne ya raɗa mata.